Daga Ƙofar Rini zuwa Illela: Zango da Neman Masaukin Dogon Zama

Ƙofar Rini tana ɗaya daga cikin ƙofofi takwas da aka san tsohon birnin Sakkwato da su, irin su Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku, kuma ko da yake ganuwar da ta haɗa su ta zube a mafi yawan wurare har gidaje sun hau gurbinta, sunayen ƙofofin sun wanzu a bakin jama'a a matsayin sunayen unguwanni. Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a shekarar 1809 a kan tudun da ke kallon fadamar da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke haɗuwa, mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya tare a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817, tun daga lokacin kuwa garin bai rabu da baƙi ba, kama daga masu ziyarar Hubbaren Shehu da almajirai masu neman ilimi har zuwa jakadun sarakuna da fatake. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso garin a watan Maris na 1824, ya rubuta cewa ana rufe ƙofofin birnin da faɗuwar rana. Wannan ƙa'ida, wadda aka sani a biranen ƙasar Hausa masu ganuwa, takan tilasta wa ayarin da ya makara ya kwana a waje, ita ce kuma ta sa ake ware fili a bakin gari domin masu tafiya da dabbobi da kaya masu yawa, waɗanda ko an buɗe musu ƙofa lungunan cikin gari ba za su ɗauke su ba. Irin wannan fili shi ake kira zango.

Zango iri biyu ne a wurin matafiya. Akwai na kwana ɗaya, inda ayari ke sauke kaya da la'asar, a shayar da dabbobi, a yi girki, a tashi da asuba. Akwai kuma na dogon zama, inda falke zai share makonni ko watanni yana jiran kasuwa ta yi kyau, ko bashi ya fito, ko damina ta wuce gulbi ya janye a sami damar ƙetarewa. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, sun ajiye iyaka bayyananniya tsakanin mai wucewa da mazauni, domin a wurinsu matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya daina ƙasaru, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, ya koma cikawa kamar ɗan gari. Hadisi kuma ya nuna cewa haƙƙin liyafar baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai masauki. Idan aka haɗa hukunce-hukuncen biyu za a ga cewa daga kwana na huɗu matafiyi ya shiga wani matsayi mai wuyar zama, tunda bai zama ɗan gari ba, ya kuma wuce lokacin da maƙwabta ke aiko masa da akushi. Daga nan dole ya nemi ruwa da makewayi da abincin dabbobinsa da tsaron dukiyarsa da kuɗin aljihunsa, bisa tsarin da zai ɗore, saboda abin da mutum ke iya jurewa na dare ɗaya, kamar nisan rijiya ko rashin inuwa, shi ne ke karya shi idan zama ya kai wata guda.

Babbar hanyar da ta koya wa Hausawa wannan ilimi ita ce hanyar Gwanja, wato hanyar fataucin goro. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya bi ta Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya wuce Sansanin Mango da Yandi, har ya isa Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, inda ake sayar da kanwa da tufafi da jemammun fatu da dabbobi, a sayi goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa kan fataucin goro wanda ya fito a 1980, ya nuna cewa babban ayari yakan ƙunshi mutum 1,000 ko fiye tare da ɗimbin jakuna, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni da dama, wani lokaci har shekara. Manyan zuriyoyin da suka riƙe wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗannan na ƙarshe kuwa suna da tushe mai ƙarfi a Gummi, kudu da Sakkwato. Madugu ne shugaban ayari, jagaba shi ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, malamin ayari kuma yana riƙe da rubutu da addu'a da jagorancin salla.

Abu na farko da madugu ke tambaya game da zango shi ne ruwa, kuma ba kasancewarsa kawai ba, har da ko zai ishi jakuna ɗaruruwa kullum ba tare da an yi faɗa da matan gari a bakin rijiya ba. Daga nan sai ciyawa da harawa da itacen girki, sannan yanayin ƙasar wurin, domin laka tana kama ƙafar dabba da damina, kwari kuma yana tara sauro. Shi kansa goro yana da tasa buƙatar, tunda ana ɗaure shi cikin ganye a huhu, kuma wajibi ne a riƙa kwance shi lokaci zuwa lokaci, a yayyafa masa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran, aikin da ba ya yiwuwa a filin da babu inuwa. Akwai kuma batun kuɗin fito da gaisuwar sarkin gari. Fatake ba su ƙi biya ba. Abin da suke gudu shi ne garin da ba a san adadin abin da za a biya ba, inda kowace safiya wani sabon bafade zai zo da sabuwar buƙata. Garin da ya yi ƙaurin suna da irin wannan hali yakan wayi gari ayari ya sauya hanya, kasuwarsa ta mutu, shi ya sa sarakuna masu hangen nesa suke naɗa Sarkin Zango ko Sarkin Baƙi, domin a sami mutum ɗaya da baƙo zai kai wa kuka, wanda kuma fada za ta kira idan baƙo ya yi laifi.

Sai dai ginshiƙin dogon zama a tsarin fataucin Hausawa shi ne mai gida. A harshen 'yan kasuwa mai gida shi ne mazaunin gari da ke saukar da baƙin fatake a gidansa ko a ɗakunan da ya gina domin haka, ya ba su wurin kwana da abinci aƙalla sau ɗaya a rana, ya ajiye musu kaya a ɗakin ajiya, ya riƙe musu kuɗi, ya haɗa su da dillalansa waɗanda suka san farashi da halin masu saye. Sau da yawa ba a biyan kuɗin ɗaki kai tsaye, ribar mai gida tana fitowa ne daga la'ada, wato kason da ake cirewa a kan ciniki, da kuma kyautar da falke ke yi masa idan zai tafi. Wannan tsari ya ɗaure maslahar mutanen biyu wuri guda ta yadda ba ta rabuwa: idan kayan baƙo suka ɓace, ko aka cuce shi a kasuwa, ko ya kwanta rashin lafiya ba a kula da shi ba, labari zai bi ayari ya koma gida, baɗi kuma babu mai sauka a wannan gida. Idan ciniki na bashi ne, mai gida ne ke lamunin mai saye, ma'ana shi zai biya daga aljihunsa idan wancan ya gaza. Idan rigima ta kai gaban alƙali shi ke tsaya wa baƙonsa, idan harshe ya bambanta shi ke nemo tafinta, idan kuma ajali ya riski baƙo a hannunsa shi ke yi masa sutura, ya tattara dukiyarsa ya riƙe amana har magada su zo. Jarin irin wannan mutum sunansa ne, yakan ɗauki shekaru yana gina shi, 'ya'yansa su gaje shi tare da baƙin da iyayensu ma a gidan suke sauka.

Tsarin ya bi Hausawa duk inda suka je. Unguwannin da ake kira zango a Kumasi da Accra da Lome daga nan suka samo asali, haka ma Sabo ta Badun wadda aka kafa a 1916, inda masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi bincike ya wallafa littafi a 1969, yana bayyana yadda masu gidajen Sabo suke karɓar shanu daga Arewa, su sayar wa mahauta Yarabawa bisa bashi, su kuma tara goro su aika Arewa, duk bisa amanar da babu takardar banki a bayanta. Masaniya Polly Hill ma ta bayyana irin wannan a kasuwar shanu ta Kumasi. A Sakkwato kanta har baƙon fada ba a barinsa ba tare da wanda zai amsa sunansa ba: Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne aka ɗora wa kula da Clapperton a zuwansa na farko, lokacin da ya yi kimanin mako bakwai a garin, Baturen kuma ya sake dawowa a 1826, ya rasu a nan a watan Afrilun 1827.

Buzaye masu kawo gishirin Bilma suna da nasu salon. Ayarin raƙuma ba ya shiga gari ya zauna, don haka Kel Geres da sauran ƙungiyoyin Abzinawa sukan gangaro ƙasar Hausa da rani su sauka a gonakin da aka riga aka girbe, raƙuma su ci kara da ganye, su bar wa gona taki, mai gona ya sami gishiri da ƙarfin ƙasa, baƙo ya sayi gero na komawa. Yarjejeniya ce ta baka da akan sabunta kowace shekara tsakanin gida da gida.

Zuwan Turawa ya sauya abin hawa, buƙatar masauki kuwa tana nan yadda take. Sojojin Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da aka ja daga Zariya ta Gusau kuma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau. Sakamakon haka shi ne duk abin da zai fita daga wannan yanki ko ya shigo, ko fatar jar akuya ce da aka san Sakkwato da ita a kasuwannin duniya, ko shanu, ko albasa, ko siminti, ko man fetur, a bayan babbar mota yake tafiya. Direban tirela da yaran motarsa su ne magadan falke da jakunansa, motar kuma ita ce ɗakinsu: a cikinta akwai ɗan gadon da ke bayan kujerar direba, a ƙarƙashinta ake shimfiɗa tabarma da rana, a jikinta ake rataye buta da jarka da tukunya. Tafiya daga Sakkwato zuwa Legas ta Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora da Jebba kimanin kilomita 1,000 ce, amma duk wanda ya san aikin zai shaida cewa kwanakin da ake yi ana jiran lodi ko sauke kaya ko gyara sukan fi na tuƙi yawa.

Matafiyin da ya taso daga Ƙofar Rini yana son ganin inda waɗannan mutane suke zama dole ya bar tsohon gari, domin hanyoyin da suka ratsa unguwannin da ke kewaye da fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu an shata su ne domin mai ƙafa da mai doki, a yau kuma babura da Keke Napep ne suka cika su. Manyan motoci suna taruwa ne a gefen gari. Wasu suna wajen kasuwar Kara, inda ake hada-hadar dabbobi, ana jiran a kammala ciniki a yi lodin shanu da raguna zuwa Kudu, musamman idan babbar salla ta ƙarato. Wasu suna wajen Kalambaina, yamma da birni, inda masana'antar siminti take, wadda aka kafa kamfaninta a 1962 ta fara aiki a 1967 saboda dutsen farar ƙasa da ke yankin, a yau kuma tana ƙarƙashin kamfanin BUA. Wasu kuma suna jere a bakin hanyoyin da suka nufi Gusau da Birnin Kebbi. Duk inda motoci suka taru sai ƙaramin gari ya tsiro a gefensu: mai shayi da teburinsa, da mai tuwo, da bakanike, da mai faci, da mai walda, da mai cajin waya, da 'yan ga-ruwa suna tura kura, da ɗan masallacin da aka kewaye da bulo ko langa-langa.

Hanyar da ta fi bayyana matsalar dogon zama ita ce ta arewa. Tana fita daga birni ta ƙetare fadamar Rima, ta bi ta Kware da Gwadabawa, ta isa Illela bayan kimanin kilomita 85, daga can kuma tazara kaɗan ce zuwa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Kasuwar Illela tana ci ranar Lahadi, tana kuma cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki, inda naira da sefa suke yawo hannu da hannu. A lokacin lafiya mota takan yi kwana biyu ko uku a nan tana jiran takardun kwastan ko cikar kaya. Amma sau biyu a 'yan shekarun nan jiran ya wuce duk lissafi: Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Motoci sun maƙale da kayansu, abin da ke lalacewa ya lalace, direbobin da suka fito da guzurin mako guda suka koma cin bashin mai abinci. A irin wannan hali ne ake gane bambanci tsakanin filin da aka tanada domin zama da gefen titin da aka tsaya a kai don babu wani wuri.

Tsofaffin direbobi suna auna wuri da ma'aunin da bai yi nisa da na madugu ba. Ruwa ne a gaba, kuma a Sakkwato wannan magana ce ta rai da mutuwa, domin daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ƙarfen mota ya yi zafin da ba a iya dafa shi, mutum kuma yana buƙatar sha da wanka da alwala sau da dama a yini. Wurin da ke da rijiyar burtsatse tasa, musamman mai aiki da hasken rana, ya fi wanda ya dogara ga mai kura, saboda farashin jarka yana tashi daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Makewayi yana biye, shi ne kuma abin da aka fi sakaci da shi, alhali taron maza ɗaruruwa a fili ɗaya ba tare da ban ɗaki ba hanya ce buɗaɗɗiya ga amai da gudawa da zarar ruwan sama ya sauka, kuma shi ne farkon abin da ke ɓata tsakanin direbobi da mutanen unguwar da ke maƙwabtaka da su. Sannan ƙasar wurin: mota mai ɗauke da buhun siminti 600 idan ta kwana a kan laka da damina sai an nemo wata ta ja ta, filin da ke kusa da fadama kuwa yana da haɗarin da mutanen Sakkwato ba su manta ba tun ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa birnin da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Itacen dogon yaro guda ɗaya a irin wannan fili yana da daraja ƙwarai, har akan yi sammako domin a riga wani samun gindinsa.

Akwai haɗari ɗaya da zangon zamanin da bai sani ba, wato gobarar man fetur. Tankar mai da aka ajiye kusa da murhun mai shayi ko kusa da mai walda tana iya cinye fili gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, don haka wurin kirki yana raba tankoki da sauran motoci, yana kuma barin hanyar da kowace mota za ta iya fita ba sai an tashi direbobi goma daga barci ba. Wanda ya ga yadda motoci ke cushewa a bakin titi a Tafa ko Mararrabar Jos ya san yadda rashin wannan tsari yake kai wa ga toshewar hanya da asarar rayuka. Game da tsaro kuwa, ƙananan sata irin na batir da man dizal da tayar safaya su ne na kullum, babban abin tsoro kuma shi ne 'yan bindiga da suka addabi hanyoyin Zamfara da gabashin jihar Sakkwato, waɗanda suka sa direbobi da yawa daina tafiyar dare, lamarin da ya ƙara yawan masu neman wurin kwana da tsawon zamansu.

Duk waɗannan ana iya ganinsu da ido cikin sa'a guda. Abin da ba a gani sai an tambaya, wanda kuma ya fi su duka nauyi, shi ne ko akwai mutumin da ke amsa sunan wurin. A tashoshi da yawa ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, irin su NURTW da NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG, su ne suka maye gurbin Sarkin Zango, kuma inda shugabancinsu ya yi kyau suna ajiye mai gadi, su sasanta rigima, su tsaya wa ɗan ƙungiya a ofishin 'yan sanda, su tara kuɗi a kai mara lafiya asibiti ko a mayar da gawa gida. A wasu wuraren kuwa abin da ya rage daga tsohon tsarin shi ne karɓar kuɗi kaɗai: ana yanka tikiti da shiga, a sake yanka wani da safe, amma ranar da aka kwance wa mota batir babu wanda zai ce alhakin yana wuyansa. Wannan shi ne ainihin koma-bayan da aka samu, domin mai gida na zamanin da yana cin la'ada ne tare da ɗaukar lamuni, bai taɓa tunanin zai riƙe ɗaya ya saki ɗaya ba. Baƙon direba da ya iso Sakkwato ko Illela yana tsammanin zama mai tsawo, hanyar da ta fi masa ita ce ya tambayi wanda ya daɗe a wurin abin da ya faru karo na ƙarshe da aka yi sata, da wanda ya biya, ya kuma nemi a faɗa masa kuɗin mako ko na wata tun kafin ya kashe inji.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan buƙata sana'a mai tsari. A Amurka akwai motoci da aka ƙera da ɗakin kwana da madafa da makewayi a cikinsu, wasu daga cikin masu su kuma, yawancinsu tsofaffin da suka yi ritaya, sukan guje wa sanyin arewacin ƙasar su sauka jihohin Arizona da Fulorida da Teksas su yi watanni. Filayen da ake tanadar musu suna ba kowace mota gurbinta, da wayar lantarki da famfo da bututun fitar da ƙazanta da za ta jona, akwai wurin wanki da na wanka, farashin wata kuma ya fi na kwana-kwana sauƙi, ko da yake galibi mai dogon zama shi ke biyan wutar da ya sha bisa mita. Kamfanin KOA mai irin waɗannan filaye, wanda ya fara a jihar Montana a 1962, ya gina sunansa ne a kan cewa matafiyi zai tarar da abin da ya saba gani a kowane reshe. A filayen gwamnati ƙa'idar da aka fi sani ita ce kwana 14, amma an ware wasu wurare a hamadar Arizona da Kalifoniya inda mai izini zai iya zama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Waɗancan masu shaƙatawa ne, direban Illela kuwa neman abinci ya fito da shi, amma abin da masu zaman wata da watanni a can suke tambaya kafin su biya kuɗi, wato ruwa da tsabta da tsaro da halin manajan wurin, bai bambanta da tambayoyin madugu ba.

Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa wajen gina rijiyoyi da tafkunan tara ruwa da masaukai a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, hanyar da har yau ake kiranta da sunanta, biranen Musulunci daga Fas zuwa Alƙahira kuma sun cika da gidajen fatake masu tsakar gida domin dabbobi da ɗakunan ajiya a ƙasa da na kwana a sama, da yawansu wakafi ne da masu hali suka bari. A Nijeriya Hukumar Masu Safarar Kaya ta Ruwa ta daɗe tana maganar gina tashoshin hutun manyan motoci a wurare irin su Lakwaja, hanyar Sakkwato zuwa Illela kuwa, wadda take ɗauke da cinikin ƙasashe biyu, ta cancanci irin wannan tasha kamar kowace hanya a ƙasar.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin sufuri da attajiran da kayansu ke kan waɗannan motoci ba: fili a kan tudu wanda aka daɓe da tsakuwa aka kewaye, da rijiyar burtsatse, da makewayi da wurin wanka, da masallaci, da itatuwan da za a dasa tun yanzu, da ɓangare na daban domin tankoki, da allon da aka rubuta kuɗin kwana da na wata a kai domin kowa ya gani. Sama da duka, a naɗa mutum sananne a kan kowane fili, wanda masarauta da ƙungiyar direbobi suka yarda da shi, a rubuta a cikin sharuɗɗan aikinsa cewa abin da ya ɓace a hannunsa shi zai biya. Masu neman inda za su zuba sadaka mai gudana a Sakkwato su ma su duba wannan ɓangare, domin matafiyi yana cikin waɗanda Alƙur'ani ya ambata a jerin masu haƙƙi a dukiyar al'umma, direban da ya yi wata guda a bakin iyaka yana sayen ruwan alwala kuwa yana cikinsu.